Ɗa, Bawa da Asali: Tushen Kalmomi da Neman Ainihin Kai a Littafin Shaihu Umar

Littafin Shaihu Umar gaba ɗayansa amsar tambaya ɗaya ce. Wani almajiri a Rauta, kusa da Bauchi, ya dubi malaminsa wata rana ya nemi sanin asalinsa: daga ina ya fito, su wane ne mutanensa. Irin wannan tambaya da kalma guda ake sallamar mai ita. Bakano ne, ko Bazazzagi, ko Babarbare, shi ke nan an wuce wurin. Shaihu kuwa sai ya gyara zama ya kama labari, labarin da ya tashi daga Kagara, ya bi ta Kano, ya ƙetare Sahara zuwa ƙasar Larabawa, ya komo, bai tsaya ba sai da littafin ya ƙare. Mutumin da kalma ɗaya ta kasa ɗaukar asalinsa shi ne abin dubawa a wannan nazari, tare da kalmomin da Hausa ta tanada don auna mutum: asali, ɗa, bawa, hali, ainihi.

Abubakar Tafawa Ɓalewa bai wuce shekara 22 ba lokacin da ya rubuta shi. Ya shigar da shi gasar ƙagaggun labarai da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933, gasar da ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. A cikin biyar ɗin nan Shaihu Umar ne marar raha. Ba barkwancin Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, ba kirarin jarumi. Murya ce ta dattijo mai magana a tsanake, wanda abin duniya ya riga ya gama girgiza shi.

Kafin a shiga, akwai tarkon da ya kamata a kauce wa. Tushen kalma ba shi ne ma'anarta ba. Almajiri daga almuhajir ya fito, wato wanda ya yi hijira, amma wanda ya ce wa yaro almajiri a tashar mota yau ba hijira yake nufi ba. Bature a da Balaraben Arewacin Afirka ake nufi, shi ya sa unguwar fataken Gadamas da Tarabulus a birnin Kano take amsa sunan Dandalin Turawa, tun kafin a ga Nasara ko ɗaya. Kalma takan bar gida ta yi sabon suna a wani wuri. To, me zai sa a bi sawun tushenta? Saboda sawun yakan nuna abin da mutanen da suka fara amfani da ita suka ɗauka tabbas ne har ba ya bukatar faɗi. A littafin da jigonsa yaron da aka raba da tushensa ne, wannan sawu yana da abin cewa.

Asali kalmar aro ce. Daga Larabci asl take, gindin itace, inda abu ya kafu. Daga nan ne malamai suka sami usulu, ginshiƙan da ake gina hukunci a kansu. Hausa tana da nata kalmomin tun kafin zuwan wannan: tushe, saiwa, gindi, da tushiya wadda karin magana ya ce ita ce mafarin dawa. Amma idan magana ta yi nauyi, asali ake kira. Duk wanda ya taɓa zama inda ake binciken aure ya san haka. Kawun yarinya zai tashi takanas ya je garin su yaro, ya sauka wajen wani tsoho mai sayar da goro ko limamin unguwa, a gaisa, a taɓa hirar damina, sannan a hankali ya sako zancen: gidan su wane fa, yaya asalinsu? Ba sana'ar yaron yake tambaya ba, wannan ya riga ya sani. Yana son ya ji ko akwai wata cuta da ke bin jini, ko akwai abin kunya, ko kuma, abin da ba a faɗa da ƙarfi, kakan kakan yaron da igiya aka kawo shi garin. Tsohon ma ba zai amsa kai tsaye ba. In ya ce mutanen kirki ne, ya yi shiru ya shiga gyaran ganyen goronsa, kawu ya ji abin da ya zo ji.

Wannan nauyi yana da tarihi a fiƙihu. Ƙa'ida ce sananniya wajen malamai cewa asalin ɗan Adam 'yanci ne, bauta aukuwa ce da ke bukatar hujja. A 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya amsa tambayoyin mutanen Tuwat game da bayin da ake kawowa daga ƙasar baƙaƙe, a littafinsa Mi'irajus Su'ud. Ya nuna launin fata ba ya halatta bautar da kowa, ya kuma lissafa ƙasashen da Musuluncinsu ya tabbata, irin su Kano da Katsina da Gobir da Barno da Songhai, ya ce mutanensu ba a mallakarsu. Shi kansa ya san ɗacin abin, don an tasa ƙeyarsa zuwa Marrakesh bayan da sojojin Maroko suka ci Songhai a 1591. Ke nan a duniyar da labarin Umar ya faru, tambayar daga ina ka fito ba ta hira ba ce. Amsarta ce ke raba wanda za a kwance da wanda za a yi wa kuɗi. Almajirin Rauta da ladabi ya yi tasa tambayar, amma kalmar da ke bakinsa ta sha zama a gaban alƙalai da dillalan kasuwa.

Sai dai asali, yadda shari'a da al'ada suka ɗauke shi, ta wajen uba yake bi, kuma a nan ne Ɓalewa ya yi wani abu da ba a cika lura da shi ba. Umar bai san mahaifinsa ba, ya rasu tun kafin a haife shi. Mijin uwarsa, Makau, bafade ne da hassadar 'yan uwansa fadawa ta sa aka kore shi daga Kagara. Wanda ya rene shi ya ba shi ilimi Balarabe ne mai suna Abdulkarim. Uba uku, ba wanda ya cika sharaɗin asali: na farko ya ba da jini bai ba da reno ba, sauran biyun sun ba da abin da suka iya ba tare da jini ba. Abin da ya hana Umar sakat bayan ya girma ya zama malami a Ber Kufa, garin Abdulkarim, begen uwa ne. Kalmomin gida na Hausa ma can suka karkata. Mahaifa ita ce garin da aka haifi mutum, ita ce kuma wurin da ya kwanta a cikin uwarsa. In Bahaushe zai nuna garinsu na gaske sai ya ce nan aka binne cibiyata. Jarin da aka fara ciniki da shi uwar kuɗi ne. Da Umar ya sadu da uwarsa a ƙasar Tarabulus, ta rasu ba da jimawa ba, bai koma ya tare a Kagara don neman dangin uba ba. Rauta ya zauna, garin da ba a binne cibiyarsa a ciki ba.

Kalmar da ta fi kowace riƙe littafin, a ganina, ita ce mafi gajarta: ɗa. Ɗa shi ne wanda aka haifa, shi ne kuma wanda ba bawa ba. In aka ce wane ɗa ne, ba ana ba da labarin cewa yana da uwa da uba ba, kowa yana da su. Ana nufin ba ya cin amana, ba ya abin kunya, ba a taɓa mallakarsa ba. Daga wannan gajeriyar kalma sauran suka tsiro. 'Ya, wadda Sakkwatawa da Katsinawa ke cewa ɗiya, ita ce ta ɗauki ɗafin nan da ke cikin wanzanci da zumunci da shugabanci ta zama 'yanci. Shi ya sa a Yamma da Jamhuriyar Nijar za ka ji ɗiyauci, inda tushen ya fito fili ba ɓoyo. 'Yanci ke nan, a gininsa, zama ɗa ne. 'Yanta bawa kuwa mai da shi ɗa ne. Ba Hausa kaɗai ta bi wannan hanya ba. A Fulfulde dimo, ɗa mai 'yanci, daga tushen da ke nufin haihuwa yake, kuma daga can ne dimajo, wanda aka haifa cikin bauta, ya shigo mana. Rumawan da ma da kalma ɗaya, liberi, suke kiran 'ya'yansu da masu 'yancinsu.

Abin da wannan gini yake faɗa a ɓoye shi ne bawa ba ɗan kowa ba ne. An haife shi, amma haihuwar ba ta ƙirgu. Ba shi da kawun da zai tsaya masa, ba ya gado, 'ya'yan da ya haifa a gidan ubangijinsa cucanawa ne, na gidan ne. Zai iya biyan murgu ya yi wa kansa aiki, zai iya tara abin fansar kai, amma kalmar fansar kai ma tana nuna cewa kan nasa a hannun wani yake. Idan aka karanta Shaihu Umar da wannan a zuci, sai a ga labarin yana juyawa ne a kan ma'anonin ɗa guda biyu. An sace Umar, ya faɗa hannun masu fataucin bayi, aka kai shi Kano wajen wani mai cinikin bayi, Gumuzu: an cire shi daga ɗa na ma'ana ta biyu. Abdulkarim ya tafi da shi, ya riƙe shi riƙon ɗa, ya sa shi karatu wajen Shaihu Mas'ud: an mayar masa da ɗa ta ƙofar ma'ana ta farko, ba tare da haihuwa ba. Uwarsa kuma ta bi hanyar a juye. Ta fito neman ɗanta tana ɗiya, wani mai suna Ado ya yaudare ta, ta faɗa bauta can wajen Murzuk. Ɗan ya shiga Sahara bawa ya fito ɗa, uwar ta shiga ɗiya ta mutu a gidan wani.

Sunan ubangidan ma abin tsayawa ne. Abdulkarim a Larabci bawan Mai karimci ne. Wanda ya mallaki yaron, sunansa da kalmar bawa ya fara. Hausa ta san wannan haɗuwa sarai, don bauta kalma ɗaya ce ga aikin bawa da ga ibada, kuma bawan Allah yabo ne, har shi ake ce wa baƙon da ba a san sunansa ba. Ta wannan ƙofa littafin ya sama wa jaruminsa mafita. In kowa bawa ne a gaban Allah, to, bautar mutum ga mutum hali ne mai wucewa, ba ta taɓa gindin mutum. Natsuwar muryar Shaihu daga nan take. Yana ba da labarin sata da ciniki da mutuwar ayari a guguwar rairayi kamar mai karanta abin da aka riga aka rubuta a allo.

Na ce hali mai wucewa, da gangan kuwa. A duk kalmomin aro da Hausa ta karɓa, ban san wadda aka juya kamar wannan ba. Hal a Larabci daga tushen da ke nufin juyawa da sauyawa yake. Daga shi ake samun haul, zagayowar shekara da ake jira kafin a fitar da zakka. Wanda ya karanta Ajuruma ya san babin hali a nahawu: yanayin da mai aiki yake ciki a lokacin aikin, ya zo yana dariya, ya fita yana kuka, abin da zai gushe. Hausa ta riƙe wannan ma'ana, muna cewa halin da ake ciki, muna cewa ba ni da hali. Amma sai ta ɗauki kalmar nan ta sauyi ta ɗora mata ma'anar abin da ba ya sauyawa, ta ce hali zanen dutse. Abokiyar tafiyarta ɗabi'a ita ce tun farko take da wannan ma'ana, don tushenta buga hatimi ne, tushen da ya ba mu ɗab'i da maɗaba'a. Duk da haka hali muka zaɓa don karin maganar.

Littafin Ɓalewa a tsakanin halin nan biyu yake zaune. Halin da Umar yake ciki bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba: maraya, agola, abin sata, hajar kasuwa, ɗan gida, almajiri, malami, matafiyin da ya tsira shi kaɗai. Halinsa kuwa, haƙuri da ladabi da tsoron Allah, marubucin bai bar shi ya motsa ba ko kaɗan. A nan ne amsar littafin take ga tambayar almajiri. An tambayi asali, an amsa da hali. A nan ne kuma rauninsa yake a matsayin ƙagaggen labari, in za a faɗi gaskiya. Umar ba ya kokawa da zuciyarsa. Ba mu gan shi yana jin haushin wanda ya saye shi ba, ba mu ga harshe biyu suna ja-in-ja a bakinsa ba. Yaron da ya tashi cikin Larabawa da baƙar fata, a gidan da ake cinikin irinsa, da wuya a ce bai taɓa kwana yana tambayar kansa ko shi wane ne ba. Wannan daren ba ya cikin littafin. Uwar ce ke da zafin rai, ita ce ke yanke shawara ta yi kuskure ta biya, shi ya sa take fin ɗanta zama a zuciyar mai karatu.

Akwai wani abin da ya fi wannan daɗin dubawa. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya fitar da nazarinsa a kan mutumin kirki a wajen Hausawa, ya lissafa siffofi 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima, adalci. Kusan hoton Shaihu Umar ne. A cikin goman nan, shida daga Larabci suke: amana, karamci, hankali, ladabi, hikima, adalci. Karamci tushensa ɗaya da sunan Abdulkarim. Hankali daga aƙl yake, wanda Larabawa ke dangantawa da igiyar dabaibaye raƙumi. Ladabi al-adab ne, Hausa ta haɗiye harafin farkon ta mai da shi nata, kamar yadda ta yi wa labari da lokaci da lafiya da liman. Wato kayan da Bahaushe yake auna cikakken Bahaushe da su, fiye da rabinsu baƙi ne da suka ƙetaro hamada, wasu kai tsaye, wasu ta Barno. Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa karatu da rubutu ta hannun Barebari suka iso mu. Mervyn Hiskett, wanda ya fassara Shaihu Umar zuwa Ingilishi a 1967, shi ma ya yi nazari a kan yadda kalmomin Larabci suka zama 'yan gida a Hausa. Ba wanda zai tare lafiya a hanya yau ya ce mata ba Bahaushiya ba ce. Kalmomin sun yi tafiyar Umar ne a juye: sun taso daga arewa baƙi, suka zauna, suka hayayyafa, har adl ya haifi adalci da ɗafin Hausa a wutsiya.

Sunan littafin ma yana ɗauke da wannan alama. Bakin Bahaushe yana son rufe kalma da wasali, shi ya sa muke da Umaru da Aliyu da Muhammadu. A bangon littafin kuwa Umar ne, a yanke, yadda Balarabe zai faɗa, kuma Shaihu ne ba Malam ba. Sunan da ya komo da shi yana da ƙurar inda ya je. Gefensa ga Makau, sunan gargajiya tsantsa, wanda mai karatun Zazzau ba zai ji shi ba sai ya tuna Makau sarkin Haɓe da jihadi ya fitar daga Zariya. Shi ma korarre ne.

Wuri ɗaya ne littafin ya taɓa maganar na gaske da na ƙarya kai tsaye, kuma da kura ya yi. Ɓarawon da ya sace Umar da siffar kura ya ɓad da kama, don a ɗauka dabba ce ta tafi da yaron a daina nema. Can a daji sai ya gamu da ainihin kura, ta kashe shi. Ainihi ma aro ne, daga ainihi na Larabci, idonsa, wato shi kansa ba wakilinsa ba. Wanda ya ari kamar da ba tasa ba ya mutu a bakin mai kamar. Umar, wanda aka canja masa gari da harshe da tufa ba da son ransa ba, ya rayu. Marubucin ya raba sauyin da mutum ya ɗora wa kansa don cuta da sauyin da ƙaddara ta ɗora masa, ya wuce bai tsaya yin wa'azi a kai ba.

Tarihi yana da nasa Umar ɗin. Dorugu yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka kama aka bautar, aka 'yanta shi a Barno, ya bi Heinrich Barth ɗan Jamus ya ƙetare Sahara ta Murzuk zuwa Tarabulus a 1855, har Landan. Labarin rayuwarsa da ya faɗa da bakinsa yana cikin Magana Hausa na J. F. Schön, wanda aka buga a 1885. Sunan da Barth ya yi yawo da shi a ƙasashenmu kuwa Abdulkarim ne. Ban kawo wannan don in ce daga nan Ɓalewa ya ɗauko ba, sunan ba baƙo ba ne a bakin fatake. Na kawo shi ne don hanyar ɗaya ce, kuma muryar Dorugu tana da abin da ta Shaihu ta rasa: mamaki, da tsoro, da kewar gida irin ta yaro.

Yanzu sai wurin da kalmar ɗa take nuna ɗaya fuskar tata. Masifar gidan su Umar daga harin bayi ta faro. Sarki ya tura fadawansa ƙasar Gwari, Makau yana ciki, aka kamo mutane. Laifin da labarin ya gani shi ne ƙaryar da aka yi wa Makau cewa ya ɓoye wasu daga cikin kamun. Harin kansa ba a tuhume shi ba. Mutanen da aka kamo ba su da suna, ba su da uwar da za ta bi sawunsu, ba almajirin da zai tambaye su asali. Su ma an raba su da inda aka binne cibiyarsu, amma littafin lissafi ya yi da su. Harshenmu ma ya taya shi: su suna kiran kansu Gbagyi, mu muka ce Gwari, muka kuma ƙera gwaranci daga sunansu don maganar da ba a ganewa. Wanda aka ce maganarsa gwaranci ce, ta ina zai ba da labari irin na Shaihu? Ƙa'idar Ahmad Baba da ta kare Bakano da Bakatsine ita ce ta bar waɗannan a fili, don ta rataya 'yanci a kan ƙasar da mutum ya fito da addininta.

Saboda haka ban yarda da masu karanta Shaihu Umar a matsayin littafin yaƙi da bauta kai tsaye ba, ban kuma yarda da masu cewa ya wanke ta ba. Ya nuna ƙazantar cinikin ƙarara, mutuwar uwar kaɗai ta isa shaida. Amma baƙin cikinsa na bautar da ɗa ne. Umar ya iya cewa hali ya fi asali saboda asalin nasa ba shi da tabo: Musulmi ne ɗan Musulmi, kuskure ne ya kai shi kasuwa. Littafin ya buɗe ƙofa ya ce mutum abin da ya zama ne, sai ya tsaya a bakin ƙofar yana duba takardar haihuwa. Ba abin mamaki ba ne ga lokacin. Dokar Lugard ta 1901 ma da haihuwa ta auna: yaran da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar 'ya'ya ne, iyayensu kuwa suna nan yadda suke sai sun nemi fansa. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Lokacin da Ɓalewa, saurayin malamin makarantar Midil ta Bauchi, yake rubutu, akwai masu amsa sunan bawa a doka a garin da yake zaune.

Shi marubucin ma ba a rasa abin dubawa a sunansa ba. An haife shi a 1912, ba ɗan sarauta ba ne, mahaifinsa daga Gerawa yake. Tafawa Ɓalewa sunan gari ne, wanda ake dangantawa da kalmomin Fulfulde biyu masu nufin baƙin dutse. Al'adar makarantun boko ce ta lokacin a laƙaba wa yaro sunan garinsu, yadda aka sami Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. Ga Bagere, da sunan gari na Fulfulde, yana rubutu da Hausa cike da Larabci, don gasar da Bature ya shirya. Shi ne kuma ranar 1 ga Oktoba 1960 ya tsaya a Legas ya karɓi takardun abin da muka fassara da 'yancin kai, kalmomi biyu da in aka warware su suke cewa ƙasa ta zama ɗiya, kanta ya dawo hannunta.

Ƙasar da ta zama ɗiya ba ta daina tambayar almajirin Rauta ba, sai dai yanzu a rubuce take yin ta. Na taɓa raka wani ɗalibina wata sakatariyar ƙaramar hukuma neman takardar shaidar asali, wadda ba a samun gurbin karatu ko aikin gwamnati sai da ita. A garin aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa, Hausar garin ce a bakinsa har da karin harshenta. Ma'aikacin bai ɗago kai ba ya tambaye shi sunan kakansa da unguwarsu. Da yaron ya faɗa, sai ya ajiye biro ya ce ai su wane zuwa suka yi. Da jikan Shaihu Umar zai shiga irin wannan ofis yau a Bauchi, da karatun kakansa da almajiransa da kabarinsa duk a Rauta, Kagara za a tura shi, can Jihar Neja, ya nemo mai unguwar da zai sa masa hannu.